Na'ibin Gwaggo

Sau uku likita yana ba Gwaggo ranar aikin ido, sau uku tana ɗagawa. Na farko ta ce mura take yi. Na biyu ta ce direban da zai kai ta bai yi mata kama da mai hankali ba. Na uku ko ƙarya ba ta tsaya nema ba, ta ce in ta kwanta a asibiti wa zai buɗe wa ma'ajiyar da take aiki shafin kwamfuta da safe. Da likitan ya ba da rana ta huɗu sai ya haɗa da gargaɗi: yanar da ke idanun tana ƙara tauri, in aka ƙara jan lokaci aikin zai yi wuya, kuma shi ba zai yi alkawarin komai ba. Ranar ita ce Alhamis ta sama, saura kwana tara.

Babana, wanda shi ne yayanta, ya kira ni a waya ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Ke ba kwamfuta kika karanta ba? Je ki raba ƙanwata da na'urar nan kafin ta makance a kanta."

Aikina ke nan dama. A kamfanin da nake, ni ce mai rubuta 'yan manhajojin da ke buɗe burauza da kansu, su rubuta suna, su danna maɓalli, su shiga shafi su fita kamar mutum ne a zaune. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, aikin yini ɗaya ne. Na ɗauki hutun mako guda don kawai in samu kwana shida na barci. Cika baki dai na yi shi, ba zan ɓoye ba.

Ma'ajiyar da Gwaggo ke aiki ta kayan gyaran mota ce, reshe ne na wani babban kamfani. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kantoci jere har sama, warin roba da man giris ko'ina. A ƙuryar dama akwai ɗan ofis mai tagar gilashi, ciki da tebur biyu, firinta ɗaya da butar shayi. Direbobi bakwai ne ke rarraba kaya ga masu gareji da kantuna, kuma babu motar da ke tashi sai takardun oda sun fito daga firintar nan. Takardun kuwa suna can a shafin uwar kamfani. Manhajar ofis ce ke ɗauko su, amma ba a ba ta komai sai ta nuna izini, izinin kuma yini ɗaya yake yi ya mutu. Don haka kullum da safe sai wani ya zauna ya shiga shafin ya ce ya yarda a ba ta. Shekara shida wannan wanin Gwaggo ce.

Na isa ranar Laraba kafin bakwai, na tarar direbobi sun cika bakin tagar ofis. Bakwai da minti biyar Gwaggo ta shigo tana tafiyarta ta ƙasaita, jaka a hammata, kowa na "Gwaggo ina kwana," har waɗanda suka girme ta. Ta amsa wa kowa da sunan matarsa da na 'ya'yansa. Da ta ji muryata sai ta tsaya.

"Uwata, ke ce Yaya ya turo ki kore ni?"

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa tun ina zanen goyo ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce ba kora na zo yi ba, taimako na zo. Ta ce haka duk masu kora suke cewa, ta miƙa mini jakarta in rataye.

Ta zauna, aka sa mata kofin shayi a hannun dama. Kwamfuta ta tashi, burauza ta buɗe, ta rubuta suna da kalmar sirri. Wayarta ta yi ƙara, ta miƙa ta ta taga ga Baban Tagwaye, shugaban direbobi, wani mai ƙaton ciki da ƙaramar murya. Ya gyara tsayuwa ya karanto lambobi shida ɗaya bayan ɗaya kamar mai sanarwa a rediyo. Ta shigar, tana tambayarsa ko tarin tagwayen ya yi sauƙi. Kafin ya gama bayani firinta ta fara kuka. Duka-duka minti biyu.

Na ja Manajan reshen gefe na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko kai za ka iya."

Mutumin ya dube ni kamar na taɓa masa gyambo. Ashe ya taɓa gwadawa, bara, ranar da Gwaggo ta je suna. Ya bi komai daidai, firinta ta fitar da takardu, sai dai duk na wani reshe ne can nesa, garejin da ba wanda ya taɓa jin sunansu. Abin da ya fi ɗaure musu kai, washegari ma takardun can suka sake fitowa da kansu ba wanda ya taɓa komai, haka jibi, sai da uwar kamfani ta sa hannu. Tun daga ranar direbobi suka yanke hukunci cewa kwamfutar ta san hannun mai ita.

"Ni ban ce da aljanu ba," in ji Manaja. "Amma ban ce babu ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗauko littafi da biro na zauna gaban Gwaggo na ce ta faɗa mini matakan ɗaya bayan ɗaya.

"Matakai biyar ne," ta ce. "Suna. Kalmar sirri. Lambar waya. Sai shafin da ke tambaya ko na yarda, in ce na yarda. Sai in sha shayina."

"Shi ke nan?"

"Da me kike so, in yi rawa?"

Na rubuta wa mutumin fasaha na uwar kamfani na tambaya ko an yarda manhaja ta yi wannan shigar a madadin mutum. Ya amsa da layi ɗaya, wai asusunmu ne, mu yi yadda muka ga dama amma kada mu kira shi ranar hutu. Manaja ya sa hannu aka mayar da lambobin nan shida suna zuwa akwatin imel na ofis maimakon wayar Gwaggo, don manhajata ta iya karantawa. Baban Tagwaye ya ji haushin wannan ƙwarai, ya ce an sauke shi daga muƙami ba ko takarda. Kafin la'asar na gama rubutu. Direbobi suka raɗa wa abin suna Na'ibi tun bai yi aikin komai ba.

Ranar Alhamis da safe kowa ya hallara, har mai gadi ya bar ƙofa ya zo. Na danna. Burauza ta buɗe da kanta, aka yi "kai!" a bakin taga. Sai Na'ibi, saboda tsabar zumuɗi, ya zuba kalmar sirri tun shafin bai gama buɗewa ba, rabi ya shiga rabi ya faɗi a iska. Shafi ya ce ba daidai ba. Kafin in ɗaga hannu ya sake, aka sake cewa ba daidai ba.

"Tsayar da shi!" in ji Gwaggo. "Na uku rufe mu za a yi har gobe!"

Na fizge wayar intanet daga bayan kwamfutar da ƙarfin da har kofin biro ya zube. Gwaggo ta kurɓi shayi.

"Yaron naki bai iya sallama ba," ta ce. "Mutum ya tsaya a buɗe masa ƙofa mana kafin ya fara surutu."

Ta matsar da ni da gwiwar hannu ta yi abinta, ni na karanto mata lambar daga imel, motoci suka tashi. Ni kuwa kunya kamar in nutse, don wannan kuskure ne da nake yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kansa. Na koya wa Na'ibi haƙuri: kada ya rubuta komai sai ya ga gurbin ya bayyana, kuma in aka ce masa ba daidai ba sau ɗaya, ya tsaya cak ya turo mini saƙo.

Ranar Juma'a ya shiga lafiya lau. Suna, kalmar sirri, ya leƙa imel ya ɗauko lamba, ya danna "Na yarda", firinta ta kama aiki. Direbobi suka yi tafi, Manaja baki har kunne, ni kuma na miƙe ina karɓar gaisuwa kamar na ci zaɓe. Baban Tagwaye ya zaro takarda ta farko ya kai kusa da hanci, ya mayar nesa, ya juya bayanta.

"Injiniya, wannan titin a wace duniyar yake?"

Takardun wancan reshen ne. Manaja ya ja da baya har ya bugi bango, yana cewa ai dama ya faɗa. Na yi maza na soke izinin kafin abin ya yi nisa. Yadda Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kafin ta zauna ya fi zagi ciwo. Da yamma na ji ta a waya da Baba tana cewa, "Yaya, ka ga dai da idonka. Ni ba ƙi na yi ba. A ɗaga zuwa wata mai zuwa, in yarinyar ta koya."

Raina ya ɓaci sosai, da ita da kaina. Saura kwana shida, kuma na san Gwaggo: in ta samu wannan hujjar ta riƙe, ko da katako ba a ɓamɓare ta.

A ƙarshen mako na zauna na buɗe shafin izinin nan na dube shi da kyau, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ashe akwai wani ɗan jeri a sama da ake zaɓar reshe, kuma wanda yake fitowa da kansa ba namu ba ne. To amma Gwaggo ba ta ambaci zaɓen reshe ba, kuma na tsaya a kanta sau uku ban ga ta zaɓi komai ba. Na ce lallai akwai abin da matar nan take yi da ba ta faɗa ba, kuma mai yiwuwa ba shi kaɗai ba ne. Na daina yarda da bakinta. Ranar Litinin na jingina wayata da butar shayi na saita kyamara a kan hannuwanta.

Da motoci suka tashi na kunna bidiyon a hankali. Ga hannun dama riƙe da kofi, ga bakinta yana ta yi wa wani direba faɗa a kan ya bar matarsa ta je asibiti ita kaɗai. Hannun hagu kuwa harkar gabansa yake yi. Ƙaramin yatsa ya taɓa maɓallin Tab sau biyu. Hannun ya tsallaka ya danna kibiyar ƙasa sau uku. Ya dawo, Tab sau ɗaya, babban yatsa ya bugi dogon maɓallin nan na ƙasa, sannan Enta. Duka bai kai daƙiƙa biyu ba.

"Gwaggo, me ya sa ba ki ce mini kina danna waɗannan ba?"

"Waɗanne? Ni ba na danna komai."

Na ce wallahi tana dannawa. Ta ce kada in yi mata rantsuwa a kan hannunta, ita ta fi ni sanin abin da yake yi. Na kira Manaja ya kalla ya ba da shaida. Ta ce shi wannan ai ko me aka nuna masa a waya yarda yake yi. Sai da na sa ta ta ɗora hannun a kan kibod a kashe, na ce ta ba ni labarin bikin da ta je, tana cikin labari yatsun suka tafi da kansu, tak tak, tak tak tak. Ta tsaya ta ɗaga hannun sama tana juya shi.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe munafuki nake yawo da shi."

Na kwafe wa Na'ibi duk abin da hannun ya yi, ban rage ko ɗaya ba. Na gwada da rana, takardunmu suka fito, titunanmu, garejinmu. Baban Tagwaye ya sumbaci takardar. Na kira Baba na ce an gama, a shirya jakar asibiti.

Ina tattara kayana ne na sake kunna bidiyon, don kawai in ji daɗin nasarata. Kibiya sau uku na gane, zaɓen reshe ne. To dogon maɓallin fa, me yake yi? Na kwafe shi ne kawai don na ga ta yi. Na buɗe shafin na bi a hankali. A ƙasan jerin rassa akwai ɗan akwati da alama a ciki, dogon maɓallin kuma cire alamar yake yi. Kusa da akwatin, da ƙananan haruffa masu ruwan toka, an rubuta: "Bar wannan manhaja ta ci gaba da aiki har kwana casa'in ba tare da an sake shiga ba."

Na karanta sau uku. Sai na kifa kai a tebur na yi ta dariya har hawaye. Kwana shida ina fama, na hana kaina barcin da na ɗauki hutu dominsa, na gina Na'ibi mai ladabi da haƙuri, kuma babban aikin da na koya masa shi ne ya tashi kullum da safe ya cire alamar da in an bar ta ba a bukatarsa sam. Aljanun Manaja ma ga su nan: shi bai cire alamar ba, shi ya sa takardun wancan reshen suka yi ta fitowa da kansu.

Na kira mutumin fasaha don in tabbatar. Ya ce eh mana, duk rassa haka suke yi, sau ɗaya a wata uku.

"Ku kaɗai ne kuke shiga kullum," ya ce. "Mun ɗauka so kuke yi. Akwai wani a nan da in ya ga reshenku ya shiga yake sanin lokacin karin kumallo ya yi."

Gwaggo tana ofis ita kaɗai tana jera takardun jiya cikin fayil. Na ja kujera kusa da ita na tambaye ta dalilin cire alamar. Da ta gane wacce nake nufi sai ta ce ai wannan tsohon zance ne. Ranar da aka kawo tsarin, wani mai koyarwa ya zo ya ce musu duk alamar da ba kai ka sa ba, cire ta, haka ɓarayin intanet ke shigowa. Ita kuma in an ba ta amana ba ta wasa.

"Ya yi gaskiya a wani wurin," na ce. "Amma wannan karanta ki ji abin da ta ce."

Na juyo mata da fuskar kwamfutar. Ta matso. Ta ƙara matsowa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Na ƙara girman rubutun, na sake ƙarawa har kalma uku suka cika allon. Ta daɗe a haka, sannan ta koma ta jingina.

"Karanta mini, Uwata."

A take na tuna a bidiyon nan ko sau ɗaya ba ta kalli allon ba, da yadda take miƙa wa Baban Tagwaye waya, da fayil ɗin da ke gabanta wanda rabin takardunsa a kife suke.

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara. Ina ganin haske, ina ganin mutum in ya motsa. Ke yanzu ina ganin ki kamar ta bayan labule." Ta shafa gefen tebur. "Kada ki gaya wa Yaya, zai ɗaga hankalin kowa."

"To Gwaggo, ba shi ya sa za a yi aikin ba?"

"Tsoro nake ji," ta ce, kai tsaye, ba kwana-kwana. "Wannan ɗan hasken da ya rage, da shi nake zuwa nan, da shi nake komawa gida. In na kwanta suka taɓa, na tashi babu shi fa? Gara labulen da na sani. Kuma a nan ba wanda ya san ba na gani. Ina zama, hannu ya yi aikinsa, mutum bakwai su ce an gode Gwaggo."

Na so in kawo mata lissafin likitoci, mutum nawa ake yi wa a warke, amma na san ta ji wannan har ta gaji. Tausayinta ya kama ni, da kuma haushin kaina, don mako guda ina kallon yatsunta ban kalli fuskarta ba. Na riƙe hannun hagun nan na ce ni ma tsoron nake ji, amma na fi tsoron wata shida nan gaba, ranar da labulen zai rufe gaba ɗaya kuma likita ya ce an makara. Na ce zan shiga da ita har inda aka yarda mutum ya shiga, kuma ba zan motsa daga bakin ƙofa ba.

Can ta ce, "Kwana casa'in kika ce?"

"Casa'in."

"In sun cika wa zai sabunta?"

"Mai ido," na ce. "Na'ibi yana nan ko da ta-kwana, amma ni ban yarda da shi kamar ke ba."

"Ai kuwa, mara sallama." Ta ja tsaki, ta goge gefen ido da bakin mayafi. "Gobe ni zan bar alamar da hannuna. Ba wani inji da zai yi mini."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Ranar Talata ta zauna, ta yi komai daidai, aka zo wurin, babban yatsa ya buga dogon maɓalli kafin ta ankara. Na soke, aka sake. Ta ce wa kowa ya yi shiru tana son natsuwa. Tab, kibiya, Tab, sai tak, ya sake bugawa. Direbobi suka fashe da dariya, ita ma ta dara tana dukan bayan hannun tana ce masa mara kunya. A karo na uku Baban Tagwaye ya zagayo ya shigo ofis, ya nemi izini, ya riƙe babban yatsan da yatsunsa biyu kamar mai riƙe da ɗan tsako, ita kuma ta danna Enta da ɗan ali. Firinta ta tashi. Ya ce a rubuta a tarihi an mayar da shi bakin aiki.

Ranar Laraba da muka iso bakwai da minti biyar, takardu na kwance a bakin firinta, har sun huce. Direbobi suka yi cirko-cirko, ba wanda ya ɗauka. Na saci kallon Gwaggo. Ta rataye jakarta da kanta, ta zauna, ta karɓi shayi.

"To me kuke jira? Baban Tagwaye, karanto mini su in ji."

Ya fara karantowa. A ta uku ta ɗaga hannu, ta ce wannan garejin ba ya buɗewa sai sha ɗaya, a mayar da shi ƙarshe. A ta biyar ta ce mai kantin nan kullum lambar burkin gaba yake rubutawa alhali na baya yake nufi, a kira shi kafin a loda. Aka kira, haka ne. Manaja ya dube ni, na dube shi. Da motoci suka fita ta ce masa gobe ba za ta zo ba, kuma kada wanda ya taɓa mata kofi.

An yi aikin ranar Alhamis da hantsi, idon dama tukuna, na hagu sai bayan wata guda. Minti arba'in aka yi, ni kuwa na ce an yi yini. Baba ya auna barandar asibitin da ƙafa ya fi sau ɗari. Ta fito da farin bandeji tana faɗa wai likitan yaro ne kuma yana ta hira da nas a kan ƙwallo alhali ido na hannunsa.

Washegari da safe muka koma a cire bandejin. Tana zaune a kujera ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Nas ta ɓare bandejin a hankali, ta goge, ta ce ta buɗe. Ta ƙi. Aka sake cewa. Ta buɗe kaɗan, ta rufe, hawaye ya gangaro, ta sake buɗewa. Ta kalli taga, ta kalli rigar nas, ta kalli tafin hannunta. Likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, ta ce uku, kuma ya yanke farce.

Sannan ta juyo gare ni. Ta daɗe tana kallona, daga goshi har haɓa, kamar mai karanta wasiƙa. Ta sa hannu ta taɓa gefen kaina inda ɗankwali ya zame.

"Uwata, furfura ce wannan?"

"Guda biyu ne kawai, Gwaggo."

"Huɗu ne," ta ce. Muryarta ta karye, amma dariya take yi. "Tsaya, kada ki motsa. Ban gama ganin ki ba."